Mai Bincike a Ɗakin Uwarta: Sharhi a kan Littattafan Lydia Chin

Gardamar ta faro ne a wata majalisa da muke zama bayan sallar isha'i a Gyadi-Gyadi, kusa da Court Road. Wani matashi a cikinmu, wanda yake rubuta labari a waya yana sakinsa babi-babi a WhatsApp, ya ce ya gaji da labaran kishiya da auren dole, yana so ya rubuta labarin budurwa mai binciken laifi wadda ba 'yar sanda ba, wadda mutane za su riƙa biyanta tana gano musu abin da ya ɓace. Aka kwashe da dariya. Babban cikinmu ya dube shi ya ce, "Kai yaro, wace uwa ce a garin nan za ta bar 'yarta tana bin sawun ɓarayi har tsakar dare? Kafin ta kama ɓarawo ɗaya an kai ƙararta wurin kawunta."

Maganar tasa gaskiya ce, amma ita ce kuma ta tuna mana da wasu littattafai da aka gina su kacokan a kan wannan matsala. Su ne jerin littattafan Lydia Chin da Bill Smith na marubuciya S. J. Rozan. Mun koma mun sake karanta waɗanda muke da su, kuma ga abin da muka gani, da daɗinsa da akasinsa.

Wace ce Lydia Chin?

An haifi S. J. Rozan a 1950 a yankin Bronx na birnin New York. Ta yi shekaru tana aikin zanen gine-gine kafin ta koma rubutu gaba ɗaya. Littafin farko na jerin, *China Trade*, ya fito a 1994, kuma har yanzu jerin bai tsaya ba: akwai *Concourse* na 1995, da *A Bitter Feast* na 1998, da *Reflecting the Sky* na 2001, da *The Shanghai Moon* na 2009, da *Paper Son* na 2019, da *Family Business* na 2021, da wasu a tsakani. *Winter and Night* na 2002 ya ci kyautar Edgar ta 2003, wadda ita ce mafi girma a fagen labaran binciken laifi a Amurka.

Lydia 'yar Sinawa ce da aka haifa a Amurka. Sunanta na gida Ling Wan-ju. Ba ta kai shekara talatin ba, ba ta yi aure ba, tana zaune da mahaifiyarta a unguwar Sinawa ta New York. Mahaifinta, wanda ya yi aikin girki a gidajen abinci, ya rasu. Uwar tsohuwar mai ɗinki ce a masana'anta. Lydia ita ce auta, da yayye maza huɗu a gabanta, kowanne da aikin da uwa za ta yi alfahari da shi. Ita kuwa ta zaɓi sana'ar da uwar take jin nauyin ambata a gaban ƙawayenta. Abokin aikinta Bill Smith farar fata ne, ya girme ta da sama da shekara goma, mutum mai yawan shiru, mai taba da giya, wanda yake kaɗa fiyano shi kaɗai a ɗakinsa. Uwar Lydia ba ta ƙaunar ko ganinsa, har da sunan biri take kiransa.

Duk wanda ya taɓa karanta James Hadley Chase, wanda littattafansa suka cika akwatunan ɗaliban sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980, ya san irin mai binciken da aka saba gani: namiji, gwauro, ba uwa ba uba, ba wanda zai tambaye shi inda ya kwana. Irin wannan mutum yana iya tona asirin kowa saboda ba shi da wanda zai ji kunya. Rozan ta ba wa Bill Smith wannan tsohuwar riga, sannan ta ajiye Lydia a gefensa domin a ga bambanci.

Tonon asiri a gidan rufin asiri

A ganinmu, nan ne ƙarfin littattafan yake. Sana'ar mai bincike ita ce tonon asiri. Al'ummar da Lydia ta fito cikinta kuwa, kamar tamu, ta ɗauki rufin asiri a matsayin ɗabi'ar mutanen kirki. Mu da muke roƙon Allah ya rufa mana asiri safe da yamma ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

A *China Trade*, an sace wasu tsofaffin kayan tangaran masu daraja daga wani ƙaramin gidan adana tarihi na unguwar. Masu gidan suka ƙi kiran 'yan sanda domin kada maganar ta fita mutuncinsu ya zube, suka kira Lydia. Ɗaya daga cikin yayyenta shi ne lauyan ƙungiyar, kuma ba ya son a sa ta. Tun kafin ta fara neman ɓarawo, tana da abokin gaba a cikin gida. Ko ofishinta ma yana cikin wani kamfanin sayar da tikitin tafiye-tafiye ne a titin Canal, yadda wanda ya shigo zai iya cewa tikiti ya zo saya. Wannan ƙaramar dabara ta nuna marubuciyar ta fahimci abin da take rubutu a kai. A Tarauni ma, matar da take zargin ɗan mijinta da ɗauke mata sarƙar gwal ba za ta shiga shagon da aka rubuta "mai bincike" a ƙofarsa ba, amma za ta shiga shagon tela.

Lydia ba ta iya yi wa dattijo tambaya kai tsaye. Sai ta gaishe shi, ta zauna an zuba shayi, an yi zancen lafiyar uwarta, sannan a kewayo kan magana ta bayan gida. Wani tsoho mai sayar da magungunan gargajiya, wanda take kira Kaka Gao, babba ne a ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin unguwar waɗanda hannunsu ba ya rasa taɓa haram. Ya san ta tun tana yarinya. Idan ta je wurinsa, da karin magana yake amsa mata, ita kuma dole ta koma gida ta warware. A *Reflecting the Sky* shi ne ya aike ta Hong Kong da saƙon wani amininsa da ya rasu, aikin da kamar ba komai, sai ga shi an sace yaro. Abin da ya fi ba mu sha'awa a littafin shi ne yadda Lydia ta isa garin da kowa yake kama da ita, ta kuma gane cewa a can ita Ba'amurkiya ce. Bahaushen da aka haifa a Zangon Kumasi ko Sabo ta Ibadan, ko wanda ya tashi a Makka aka dawo da shi Kano, ya san wannan ciwon.

Saboda haka kowace amsa da Lydia ta samo tana da farashi. Mai binciken Chase yana gama aiki ya shiga mota ya tafi. Ita kuwa gobe za ta haɗu da matar wanda ta tona wa asiri a wurin sayen kifi, kuma uwarta ce za ta sha gorin. Wannan ne yake sa mai karatu ya damu da sakamakon binciken fiye da sanin wanda ya yi laifin.

Murya biyu

Rozan ta tsara jerin ne ta yadda, a mafi yawan lokuta, Lydia za ta ba da labari da bakinta a wannan littafi, Bill ya ba da nasa a na gaba. Muryar Lydia mai sauri ce, da barkwanci, da yawan zancen abinci da dangi. Ta Bill mai nauyi ce, da gajerun jimloli, da baƙin cikin 'yarsa da ta rasu. *Winter and Night*, inda Bill yake neman ɗan 'yar'uwarsa a wani gari na New Jersey da ya mayar da ƙwallon 'yan makaranta kamar addini, ba ya kama da *A Bitter Feast* ta fuskar yanayi ko kaɗan.

Amfanin wannan tsari shi ne muna ganin kowannensu daga ciki da kuma daga waje. A littafin Lydia muna jin shakkunta da fargabar kada ta kunyata gidansu. A littafin Bill sai mu ga mace mai natsuwa wadda take kama shi idan zai faɗi. Yarinyar da yayyenta suke ɗauka ba ta san komai ba ita ce wani yake dogara da hankalinta. Marubutanmu da suke rubuta littafi mai kashi uku ko huɗu da murya ɗaya tilo, wadda ta san zuciyar kowa kuma take yanke wa kowa hukunci, suna da abin dubawa a nan.

Wani abin yabo shi ne yadda tarihi yake shiga labarin ta ƙofar laifin. *A Bitter Feast* ya taso ne daga ɓacewar ma'aikatan gidan abinci huɗu a daidai lokacin da ake ƙoƙarin kafa musu ƙungiyar ƙwadago, kuma ta nan muke ganin saɓani tsakanin tsofaffin zuwa masu harshen Kanton da sababbin zuwa daga lardin Fujian, da yadda ɗan'uwa yake cin gumin ɗan'uwansa. *The Shanghai Moon* ya koma 1938, lokacin da dubban Yahudawan Turai suka gudu zuwa Shanghai saboda can ne ake shiga ba tare da biza ba, kuma wani yanki na labarin yana cikin wasiƙun wata budurwa zuwa ga mahaifiyarta. *Paper Son* ya kai mu jihar Mississippi, wurin Sinawa masu ƙananan kantuna da suka rayu tsakanin baƙar fata da farar fata. Sunan littafin yana nufin ɗan takarda. Dokar 1882 ta hana ma'aikatan Sin shiga Amurka, ba a soke ta ba sai 1943. Girgizar ƙasa da gobarar San Francisco ta 1906 ta cinye takardun haihuwa, sai wasu suka ce a Amurka aka haife su, suka kuma riƙa shigo da yaran wasu a matsayin 'ya'yansu. Iyalai da yawa suka rayu da sunan da ba nasu ba. A irin wannan gida, tambayar "wane ne kakanka?" tana iya rushe komai.

Inda ƙafa ta zame

Duk da haka, ba mu karanta littattafan nan da ido ɗaya ba.

Na farko, uwar Lydia. A littattafan farko kusan aikinta ɗaya ne: ta yi mita, ta nemo wa 'yarta miji, ta zagi Bill. Abin yana ba da dariya sau ɗaya, sau biyu, daga nan sai ya zama kamar uwar miji a fim ɗin da aka yi cikin gaggawa. Matar da ta bar ƙasarta, ta yi shekaru a kan keken ɗinki, ta binne miji, ta raini 'ya'ya biyar, ta fi ƙarfin a mayar da ita abin raha. Da alama marubuciyar ita ma ta lura, domin daga baya ta rubuta gajerun labarai inda uwar, Chin Yong-Yun, take warware matsala da kanta da kuma muryarta, sannan a *Paper Son* uwar ce da bakinta ta tura Lydia aiki har ta ce ta tafi da Bill. Gyaran ya yi kyau, amma ya makara da shekaru masu yawa.

Na biyu, yawan bayani. Lydia takan tsaya a tsakiyar labari ta fassara wata al'ada ko wani abinci. Wa take yi wa bayanin? Ba 'yar unguwarsu ba. Idan wata tauraruwa a littafin Hausa ta tsaya tana gaya mana mene ne lefe ko me ya sa ba a kiran sunan ɗan fari, nan take za mu san ba don mu aka rubuta ba. A waɗannan wurare muryar Lydia takan koma ta mai yi wa baƙo jagora.

Na uku, soyayyar da ba ta gaba ba ta baya. Shekaru kusan talatin na bugawa, Bill yana nema da wasa, Lydia tana kaucewa, su kuma shekarunsu kusan ba sa motsi alhali wayar hannu da intanet sun shigo labarin. Mun san dalilin: ranar da aka warware wannan, an rasa igiyar da take jan mai karatu zuwa littafi na gaba. Amma jan rai idan ya yi yawa yakan zama dabara da ake gani ƙuru-ƙuru.

Na huɗu, ƙarshen labaran. Bayan an yi shafuka ɗari biyu ana bin gaskiya ta hanyar shayi da gaisuwa da haƙuri, sau da yawa sai a rufe da bindiga da guje-guje. Kamar dai marubuciyar ba ta yarda cewa abin da ta gina ya isa ya riƙe mai karatu har ƙarshe ba.

Baƙuwa da alƙalami

Akwai tambayar da ba za a kauce mata ba: Rozan ba Basiniya ba ce. Ya dace ta yi magana da bakin 'yar Sinawa?

Tarihin abin bai da daɗi. Fu Manchu na Sax Rohmer, wanda littafinsa na farko ya fito a 1913, mugu ne da aka ƙera domin tsorata Turawa da mutanen Gabas. Charlie Chan na Earl Derr Biggers, wanda ya fara bayyana a 1925, ɗan sanda ne mai basira a Honolulu, amma an ba shi gurguwar Turanci da ladabin bara, kuma a shahararrun finafinansa Turawa ne irin su Warner Oland, ɗan asalin Suwidin, suka fito a matsayinsa. Idan aka auna da waɗannan, Lydia babban ci gaba ce: tana fushi, tana kuskure, tana da iko da labarinta.

Sai dai in aka ajiye ta kusa da littattafan da 'yan gida suka rubuta, irin su *Chinatown Beat* na Henry Chang na 2006, wanda marubucinsa ya tashi a unguwar, ana jin bambanci. Unguwar Chang ta fi duhu da ƙunci, kuma ba ta damu ko baƙo ya so ta ba. Ta Rozan unguwa ce da mai ƙaunarta ya zana, kuma mai ƙauna daga waje yakan yi sassauci a inda ɗan gida zai fasa ƙwai.

Mu dai ba mu ga dalilin hana baƙo rubutu ba. Adabinmu na zamani da hannun baƙo a cikinsa tun farko: *Jiki Magayi* na shekarun 1930 John Tafida ne da Rupert East suka rubuta shi tare. Abin da za a tambayi baƙo shi ne ko ya zauna ya saurara, da kuma ko mutanen da ya zana suna da rayuwa bayan amfanin da labarin yake yi da su. A mafi yawan lokuta Rozan ta ci wannan jarrabawa. Inda ta faɗi, mun nuna.

Mu dawo Tarauni

Wannan tambaya tana jiranmu mu ma. Sinawa sun daɗe a Kano, daga masu masana'antu zuwa 'yan kasuwar Kantin Kwari, har a 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan Chaina. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da da yawanmu muke karanta wannan sharhi a kansu, waɗanda ake saya a Farm Centre, na wani kamfanin birnin Shenzhen ne. Ga Kwarori da suka yi sama da ƙarni a garin, ga mutanen Sabon Gari. A labaran da muke karantawa, sau nawa ɗaya daga cikin waɗannan ya fito a matsayin mutum mai uwa da bashi da abin kunya? Galibi ko dai ba ya nan, ko kuma an kawo shi ne a yi dariyar Hausarsa. Wanda ya ji haushin Charlie Chan ya kamata ya duba nasa alƙalamin.

Game da gardamar majalisarmu kuwa, ba sabon abu ba ne laifi ya shiga ƙagaggen labarin Hausa. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da *Turmin Danya* a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, Bature Gagare kuma ya fitar da *Ƙarshen Alewa Ƙasa* a kan ta'addancin da ya biyo bayan yaƙin basasa. Abin da bai kafu ba shi ne mai bincike guda da za a riƙa binsa daga littafi zuwa littafi. Muna ganin dalilin shi ne duk wanda ya gwada yakan aro ɗan sandan fim da tabarau da bindiga, mutumin da babu irinsa a layinmu.

Alhali masu bincike suna nan cikinmu. Kafin a ɗaura aure, wa ake turawa unguwar su yaro ya gano asalinsa da halinsa da sana'arsa ba tare da an gane ba? Dillaliya tana shiga gida goma a yini, ta san wadda ta sayar da gwal ɗinta a ɓoye da wadda ta saya. Yaron da yake gyaran waya ya san abin da ke cikin aljihun rabin unguwa, kuma shi ake nema idan an yi ƙwacen waya. Ma'aikaciyar jinya da take fitowa daga asibitin Malam Aminu Kano da asuba ta ga abin da iyalai suke ɓoyewa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da mai unguwa a kansa, da limamin da zai kira shi, da uwar da za ta ce, "Ke 'yar nan, ki fita daga maganar mutane, ke ma 'ya mace ce."

Waccan uwar da babban majalisarmu ya ce za ta hana labarin yiwuwa, ita ce za ta ba shi nauyi. Budurwar da ta gano cewa wanda ya cinye gadon marayu shi ne mutumin da ya biya mata kuɗin makaranta, kuma shi ne zai zama waliyyinta, tana cikin tsaka mai wuyar da ta fi ta kowane mai bindiga. Za ta faɗa, ko za ta rufa? In ta faɗa, a gidan wa za ta ci tuwon dare?

Ga wanda yake son farawa, shawararmu ya fara da *China Trade* domin ya san mutanen, sannan ya tsallaka zuwa *A Bitter Feast* da *Paper Son*. Turancinsu mai sauƙi ne. Matashin namu dai mun ba shi aron na farkon, kuma a zamanmu na baya-bayan nan ya ce ya sauya wa tauraruwarsa sana'a: yanzu 'yar dillaliya ce a Unguwa Uku, tana ɗaukar wa uwarta kaya. Muna jiran babi na ɗaya.